Wasiyyar 'Yan Kunne

Daidai lokacin da yarinyar cikin fim ɗin katun ta ɗaura rigar sanyi a ƙugu don ɓoye tabon jinin da ke siket ɗinta, idon uwar ya ciko da hawaye.

Ba haka ta tsara ba. Wata biyu tana juya maganar a baki, kunya tana mayar da ita ciki, har ta samo dabara: ta kunna fim ɗin a falo, ya yi wa 'yarta mai shekara goma sha biyu bayanin da ya gagare ta. Ita nata kawai ta tsaya tana ninke wanki, tana satar kallon fuskar 'yar.

'Yar kuwa hamma take yi.

Ƙanwar uwar, da ta zo yini, ta leƙo fuskarta. "Yaya, zane kike yi wa kuka?"

"Ƙurar kayan nan ce."

"Wankakkun?" Ta juya ga yarinyar. "Ranar da uwarki ta fara al'ada, ba wanda ya taɓa gaya mata komai. Ta ɗauka mutuwa ce. Ta shige ƙarƙashin gado, ta bar min wasiyyar 'yan kunnenta. Shekara talatin ke nan ina jira."

Uwar ta ɗaga filo za ta jefe ta, dariya da kuka suka haɗe mata.

Yarinyar ta tsayar da fim ɗin, ta dafa hannunta.

"Mama, ba abin tsoro ba ne. Tun bara aka koya mana a makaranta. Zauna in yi miki bayani."

Uwar ta ajiye filon, ta zauna.