Ciwon Bayan Injiniya Midhat

Injiniya Midhat ya kama wayar wuta ya fizge ta a gaban Alhaji Abdussattar, mai kamfanin. Cikin na'urorin kwamfuta biyu na kamfanin, ta farko ta mutu. Kafin Alhaji ya dire kofin shayinsa ta biyu ta karɓi aiki, takardun kwastam suka ci gaba da tafiya tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya kamar ba abin da ya faru.

"Ka gani, Alhaji? Ɗaya tana aiki, ɗaya tana zaune. Kullum suna taɓa juna a ji ko ana raye. Ran da mai aikin ta yi shiru, ta ajiyar ta hau."

"Ita ta zaunen wutar banza take sha ke nan?"

"Kwanciyar hankali take sayo maka, ranka ya daɗe."

Alhaji, wanda ya yi arziki da fitar da lemo waje, ya daɗe yana kallon na'urorin. Daga ƙarshe ya ce ya gane.

Tun daga lokacin duniya ta yi wa Midhat daɗi. Ƙorafin direbobi da wakilan jirage ya ɗauke, shi kuwa ya san gwanintarsa ce. Sai hantsi yake isa ofis, ya ci burodi da wake, ya shiga ɗakin na'urori ya sha sanyi. Kira ɗaya yake samu kowace safiya, daga Injiniya Narmin, wadda aka ɗauka a reshen Dimyaɗ: "Injiniya, kana ofis? Lafiya lau dai?" Shi ke nan, sai ta ajiye. Takan kuma turo masa bayanin gyare-gyaren da ta yi, ba ya ko buɗewa. Ya ce wa matarsa Samiha yarinyar yabo take nema.

Abin da ya rage masa shi ne a kira shi Darakta, a ba shi ofishin da ke kallon teku. Ya je ya faɗa. Alhaji ya ce insha Allahu, irin wadda kowa ya san ma'anarta.

Midhat ya yi haƙuri har kakar lemo ta kama, lokacin da takardu ke cushewa a na'ura, ana nemansa har a banɗaki. Ranar da motoci suka fara layi, ya aika cewa bayansa ya riƙe. Ya kwanta, ya ɗora waya a kan matashi.

"Idan Alhaji ya kira da kansa, ki ce ba na iya magana," in ji shi.

"To bari ya kira tukuna," in ji Samiha. "Ɗaga ƙafarka zan share."

Narmin kaɗai ta kira. Ya yi mata nishi mai ban tausayi, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta tambayi yaushe zai dawo. Washegari ma haka. Daga barandarsa yana hango manyan motoci suna shiga tasha cike, suna fitowa wayam. Abinci ya daina shiga. Da kwanaki suka yi nisa sai bayan ya fara yi masa ciwo da gaske.

Ya tabbata an kawo wani an ɗora a kujerarsa. Ya saka kwat ya tafi ofis yana ɗingishi.

Kujerar tana nan ba kowa. Kofinsa ma ba a taɓa ba. Ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara wuyan riga, ya shiga wurin Alhaji.

"Sannu, Injiniya. Ya baya? Wallahi ka ɗaga mini hankali."

Daɗi ya kama Midhat. "Na sani, Alhaji. Wa ya riƙe muku aikin da ba na nan?"

Alhaji ya ci gaba da ɓare lemonsa. "Mai riƙe da shi dama. Narmin ce, tun watan da ka koya mini dabarar nan. Kai dai ka riƙa kula da lafiyarka, ba na son ta rasa na ajiya."