Injin Ƙyanƙyasar Suruki

Fayil ɗin sabuwar manhaja ya sake kaiwa rabi ya ƙame.

Injiniya ya share zufa. Injin ƙyanƙyasar ƙwan surukinsa ne a gabansa, ciki a waje, kuma shi da bakinsa ya ce jiya, a gaban dangin matarsa, aikin bai fi shan ruwa ba. Da isowarsa ya yar da jakarsa a buɗe a bayan ƙofa, ya goge tsohuwar manhajar injin da gadara. Ga sabuwa ta ƙi shiga, ƙwai kuma suna hucewa a kan tire. In suka yi sanyi, ƙwan gidan ya tafi kakaf, har da waɗanda aka kwashe daga ƙarƙashin kaji don a cika injin.

Ƙwaƙwalwar injin kuwa halinta na mai gadi ne marar haƙuri. Guntu-guntu take karɓar fayil ta wata siririyar waya daga kwamfuta, tana duba kowane. Baƙon harafi ya shigo, ta ce a maimaita. In ta gaji da jira, ta rufe ƙofa, sai a faro daga farko. Yau baƙin haruffa kwarara kawai suke yi, jjjjj, kkkkk, ba a san mai aiko su ba.

Ya canja waya. Ya rage gudun turawa. Ya kashe fanka ko ita ke dagula layin, ɗakin ya koma tanda. Har hannuwansa ya harɗe a ƙirji don kada ya zargi yatsunsa. Ko ɗan kibod ɗinsa marar waya, mai aika wa kwamfutar haruffa daga nesa, bai ciro daga jaka ba yau, balle a ce shi ya danna wani abu.

"Injiniya," in ji surukin daga kan benci, yana jan sunan kamar roba, "ko a kira mai gyara?"

"A'a Baba, yanzu zai tashi."

Surukar ta leƙo ta taga. "Ba wanda ya ga jar kazata? Tun da kuka kwashe mata ƙwai take gaba da mutane."

Injiniya ya sake turawa, yana karanto duk addu'ar da ya sani. Fayil ɗin ya tafi, ya wuce rabi, har Baba ya miƙe tsaye. Sai jjjjj. Ƙwaƙwalwar ta jira, ta gaji, ta rufe ƙofarta.

Kunya ta rufe shi. "Baba, sai dai in kai shi shago."

Baba ya taɓa ƙwai ɗaya da bayan hannu, ya koma kan benci. Da ma zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi.

Injiniya ya naɗe wayoyinsa, ya sunkuya bayan ƙofa ya jawo jakar. Ya ji ta da nauyi, ga wani ɗumi. Ya buɗa bakinta.

Jar kazar nan ce kwance a kan kibod ɗin, ta baje fikafikai, tana harararsa tana gyara zama.