Muryar Kubura

Tun da gwamnati ta sake fasalin Rumbun Binciken Ilimi, murya ɗaya aka bar wa kowane fanni, ita ke yi wa makarantun ƙasa darasi kowace safiya. Fannin koyon karatu aka damƙa wa Kubura, tsohuwar ɗalibar Dakta Lantana.

Lantana ta raka jikarta makaranta, sai ta ji lasifika na zubo binciken da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kansa, cikin zazzaƙar muryar Kubura. Ko sunan Lantana ba a ambata ba.

"Kaka, kin san ta? Malamarmu ta ce babu kamarta."

Lantana ta yi gyaran murya, kamar yadda ta saba tun tana koyarwa. "Ni na koyar da ita."

Yarinyar ta tuntsire da dariya. "Kai, Kaka! Har gyaran muryarta kike kwaikwayo."