Katunan da Goggo Ke Shafawa

Tunda ka ce a zumunci aike ma ya wadatar, bari in ba ka misali da wata mata da aka yi a birni, ana ce mata Tabawa, mai sana'ar katin gaisuwa na hannu. Ita ke sassaƙa hatiminta a jikin roba da tsinin aska, ta dangwala shi a tawada ta buga a kan kwali. Tana da ƙarafan yanka masu siffar ganye da jinjirin wata, takan ɗora su a kan takarda ta murza a ɗan injin hannu, siffar ta fito tsaf. Daga nan ta liƙa ƙyallen atamfa da guntun jar fata da busasshen furen zoɓo, ta zagaye da zare. Mai biki, mai suna, mai son yi wa surukai barka da Sallah, kowa ƙofarta yake nema.

Tabawa marainiya ce tun tana goye. Ƙanwar mahaifinta ce ta raine ta a ƙauye, mace ce da Allah bai ba haihuwa ba, kuma a wurin saƙar faifanta yarinyar ta koyi haɗa launi. Da aure ya kai Tabawa birni, duk Sallah takan je gida. Sai sana'a ta buɗe, ga shi kuwa Sallah ita ce kakar masu kati. Shekarar da ta fara kasa zuwa, ta zauna ta yi wa Goggo katin da ba ta taɓa yi wa kowa irinsa ba, ta haɗa da turmin atamfa da goro, ta ba direban motar kasuwar garinsu. Direba ya dawo ya ce Goggo ta yi murna, ta sa albarka. Hankalin Tabawa ya kwanta. Da shekara ta zagayo ta sake yin haka, ta kuma sakewa. Duk yadda kunyar rashin zuwa ta ƙaru a ranta, haka take ƙara wa katin ado, har 'ya'yanta suka tasa ba su san Goggo ba sai a baki. Ana nan, wata jajibirin Sallah ta kai wa direban saƙo tasha, ya dubi katin, ya mayar da hannunsa baya, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Wannan karon ki kai da kanki."

Da ta isa ƙauyen, ta tarar da Goggo zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta ƙanƙance, idanunta biyu sun yi fari fat. Maƙwabciyar da ke kula da ita ta ja Tabawa gefe ta gaya mata cewa idon ya daɗe da tafiya, tsohuwar ce ta hana a faɗa, wai kada a ɗaga wa yarinya hankali tana tsakiyar neman abincinta. Tun daminar bara kuma tunaninta ya fara rikicewa. A gefen tabarmar akwai wata tsohuwar kwalla, katunan duk suna ciki. Gefensu ya yi baƙi saboda shafa, furen zoɓon ya marmashe, zaren ya warware. Launukan da Tabawa ta ɓata kwanaki tana zaɓa, rabinsu Goggo ba ta taɓa gani ba.

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Goggo, ni ce, Tabawa."

Tsohuwar ta karkata kai ta saurara, sannan ta ce, "Wace Tabawa? Tawa tana birni, aiki ya yi mata yawa. Muryarta ma ba haka take ba, ita yarinya ce." Ta laluba cikin kwalla ta ɗauko kati ɗaya, ta kamo hannun Tabawa ta ɗora a kai. "Shafa ki ji, baiwar Allah. Nan ganye ne, nan kuma wata. Ita ta yi da hannunta. Akwai rubutu a ciki, nakan sa a karanta mini, kullum gaisuwa ce, ba a taɓa karanto mini ranar zuwa ba. In kin koma birni kin gan ta, ki ce mata ba na fushi. Ta dai zo in shafa kanta."

Tabawa ba ta koma birni ba. Ta zauna tana dama mata kunu, tana yi mata wanka, tana taje mata furfura. Kowace safiya takan sake faɗa mata ko ita wace ce, kowace safiya kuma Goggo takan yi mata godiya irin wadda ake yi wa baƙuwar kirki, ta tambaye ta ko motar kasuwa ta iso. Kafin a yanke gero tsohuwar ta cika, kanta a cinyar 'yar da take jira, ba ta san ta zo ba.

Bayan an share makoki Tabawa ta koma kan sana'arta, don da ita take ci. Hannunta bai mutu ba, katunanta na nan da kyansu. Sai dai in mutum ya zo ya ce a yi masa na mahaifiyarsa ko na kakarsa, takan ajiye hatimin ta tambaye shi ko garin da nisa, da kuma yaushe rabonsa da zuwa. Wasu su ji haushi, wasu su sunkuyar da kai. Ita dai ta riga ta gane, bayan ganewar ba ta da sauran amfani a gare ta, abin da Hausawa ke nufi da suka ce zumunci a ƙafa yake.