Laimar Kwaɗin Kan Suri

Zauna nan, ƙanwata Tabawa, tunda kin ce ke ba kya cin abin da ya tsiro a kan suri, bari in ba ki misali.

Wani manomi ne matarsa ta haihu a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kin san mai jego da nama. To shi ko ƙafar akuya bai iya kawowa ba. Matar ta rame, nono ya ja baya, jinjira sai kuka. Bawan Allah yana son matarsa, har kunyar shiga ɗakinta yake ji. Ran kasuwa ya tarar da wata tsohuwa da wani busasshen abu yage-yage a faifai, ta ce a miya ba shi da maraba da nama. Ya taya, ta ce albarka. Ya roƙa, ta ce, "Ɗan nan, ni ba sadaka na fito ba. Ka yi mini noma wuni uku, in cika maka ƙwarya." Ni dai ban ga laifinta ba, ai sani ma haja ne. Ya yarda. Aka riƙa zuba wa mai jego a miyar kuka da daddawa da ɗan wake, ta koma cin tuwo da marmari, jiki ya fara dawowa, nono ya kawo. Da ta kai jinjira awo da ɗan guntun abin a ƙulle, malamar asibiti ta duba ta ce ai laimar kwaɗi ce irin wadda ake ci. Tana da sinadarin gina jiki, da na ƙara jini, da bitamin, kitsenta kuma kaɗan ne.

Ranar da tsohuwa ta biyo shi gonarsa don ta tuna masa alkawari, sai ta same shi yana kankare suri da fartanya, ga fararen laimomi a warwatse yana tattakewa, kamar yadda yake yi kowace damina. Ta dafe kai ta ce, "Kai, sakarai na Allah, miyar matarka kake takewa!" Ta durƙusa ta nuna masa wadda ake ci da mai kisa ɗaya bayan ɗaya, ta ja kunnensa kada ya taɓa wadda ba ta nuna masa ba. Amma noman wuni uku, ko rabin wuni ba ta rage masa ba, shi ma ya yi noman yana dariyar kansa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani, kaza ta kwana kan dami.