Alhamis ɗin Gwaggo Ladi

Tun da aka bar wa tauraron ɗan'adam mai ganin zafin ƙasa hukunci, duk garin da ya fito ja a taswira tashinsa ake yi, wai ruwan ƙarƙashinsa ya ƙare. Farfesa Talatu ce mai wannan lissafin, ni kuma a hannunta nake digiri na uku.

Yau na shiga ofishinta, sai ga ƙauyenmu a allo, ja wur.

Na ce, "Ranki ya daɗe, garinmu ne fa. Barkono aka zuba masa?"

Ko murmushi ba ta yi ba. "Shekara uku kenan, Nafi'u. Duk Alhamis da hantsi tauraron ke wucewa, haka yake gani."

Nan na tuna. Alhamis ce ranar da Gwaggo Ladi da matan unguwa ke gasa tukwane a bayan gari, wuta tun safe har azahar. Na faɗa mata.

Ta daɗe tana kallon taswirar da ta mai da ita farfesa. Can ta ce, "Gari goma sha bakwai aka tayar da lissafina. Nawa ne na magina tukwane?"



Ta turo min biro. "Ka sa hannu a rahoton tashin garinku, Litinin ka zama dakta. Ko ka rubuta abin da ka faɗa, mu faɗi tare."

Na ɗauka. "A ba ni farar takarda, ranki ya daɗe. In aka tashi garin, Gwaggo ba ta iya shiga mota, amai take yi."