Rabin Talla

Wata uku ke nan mai shagon labule tana zaune tana kallon ƙofa, ko mai taya yadi ɗaya babu. Ta rage farashi, ta sauya fitilu, shiru. Abin da ya fi ɗaure mata kai, shafin intanet ɗin da aka yi mata ga shi nan tsaf a kwamfutarta, da manyan haruffa: "Mun rufe ƙofar tsada!"

Sai ga ƙanwarta ta shigo, ta yi turus.

"Yaya, ashe shagon na nan? Ni fa jaje na zo."

"Jajen me?"

Ta miƙa mata waya. Shafin bai tsuke daidai ƙaramin allon ba, ya datse tallar, saura kalma biyu kacal:

"Mun rufe"